Dokar Shayi a Kulob ɗin Malamai

A kulob ɗin malaman jami'a akwai wata doka da ba a taɓa rubuta ta ba: mutum ba ya zuba wa kansa shayi shi kaɗai. Wanda ya riga zuwa sai ya dafa, ya ajiye buta, ya jira na biyu. Malamai bakwai suka kafa ta a 1982, lokacin kulob ɗin bai wuce ɗaki ɗaya da benci biyu ba, don kada wani ya kurɓa ya fice ba hira. Shida sun riga mu gidan gaskiya. Saura Farfesa Hayatu, wanda ya yi ritaya amma ƙafarsa ta ƙi yi.

Duk Alhamis bayan la'asar yakan taso daga unguwar Gidan Dare, ya dafa shayi, ya jera kofi biyu. Malaman yanzu kuwa cajin waya ke kawo su. Su ɗaga masa hannu daga nesa, shi ke nan an gaisa. Wata huɗu ke nan yana juye butar a gindin dogonyaro. Kaɗaici na cinsa, girman kai kuma ya hana shi cewa kowa ya zo.

Ranar da Dakta Khaula ta sashen tarihi ta aiko cewa an ɗora mata rubuta tarihin kulob ɗin, har citta da kanumfari ya sayo.

Ta zo a gaggauce, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kunna waya tana ɗaukar muryarsa. Ya ba ta labarin dokar tiryan-tiryan, yana ɗan tura kofi gabanta.

"Ɗiyata, zamna mana."

"A yi mini haƙuri Baba, lacca gare ni ƙarfe biyar." Ta duba takardarta. "Al'ada mai kyau wallahi. Wace shekara anka daina ta? Ita kaɗai ta rage mini."

Ya dubi butar, tururi na fita ta bakinta. Ya dubi kofunan nan biyu da ke tsakaninsu, waɗanda ko kallonsu ba ta yi ba.

"Rubuta bana," ya ce.

Ta rubuta, ta yi godiya, ta fita da sauri. Farfesa ya bi ta da kallo. Can ya mayar da kofi ɗaya cikin kabad, ya ɗauki butar ya zuba wa kansa.