Littafin Malam da Cikin Auta

Malam ya tsufa yana karantar da littattafan wasu kafin Allah Ya nufe shi da rubuta nasa na farko, a kan haƙƙin maƙwabtaka. Rubutu ya ƙare tuni, gyara ne ya ƙi ƙarewa. Duk shafin da Auta, ƙaramar 'yarsa, ta buga a kwamfuta ta kawo masa, sai ya bi shi da jan biro, ya soke nan, ya ja kibiya ta zagaye gefen takarda har ta leƙa bayanta. Babu mai iya bin sawun kibiyoyin nan sai ita, ga shi kuwa cikinta ya tsufa, da ƙyar take hawa matakalar ɗakin karatunsa.

Wata safiya ta ajiye takardu a kan tebur, ta zauna tana haki.

"Baba, misalin bishiyar da reshenta ya shiga gidan maƙwabci, ka cire, ka mayar, yau kuma ka sake cirewa."

"Ilimi amana ne, Auta."

"Ni ma amana nake ɗauke da ita. Ranar da na sauka, ni da kwamfuta sai wani ikon Allah. Ka sa rana."

"Wa ya san gobe in ba Allah ba?"

Uwar Auta, wadda take shara a bakin ƙofa, ta leƙo. "Malam, da haka ka riƙa gyaran maganar aurena, da har yanzu ina gidanmu."

Malam ya yi dariya har tabarau ya zame masa. Ya tuna cewa salla, duk da girmanta, an yanka mata lokaci, kuma wanda ya tsaya kyautata alwala har rana ta fito bai kyauta wa kansa ba. Kamala ta Allah ce Shi kaɗai. Sai ya miƙe zumbur kamar saurayi.

"Ƙarshen watan nan, in Allah Ya yarda! Ku zama shaida. Babin da na ce na gama, ku fitar da shi daga ɗakin nan, ko na roƙa kada ku dawo mini da shi."

Gida ya ɗauki harama. Da hantsi za a ji muryarsa yana karanta babi da ƙarfi yana kai da kawowa, shayinsa ya huce bai sani ba. In ya ce "Alhamdu lillahi", sai uwar Auta ta shigo ta kwashe babin. Ran nan ya bi ta har ɗakin girki.

"Jimla ɗaya kawai zan duba."

"Malam, bakin alƙalami ya bushe. Je ka ga na gaba."

Wata bai ƙare ba suka iso shafin ƙarshe. Malam yana tsaye a bayan Auta yana karanta mata addu'ar rufewa, ita kuwa tana bugawa tana cije leɓe. Da ta kai "amin" sai ta dafa gefen tebur.

"Baba, an gama. Yanzu a kira mota."

"A kai maɗaba'a? Yanzun nan?"

"Asibiti, Baba."

Malam ya sauka matakalar nan da takalmi ɗaya, yana salati, yana ƙwala wa uwar Auta kira.