Sunan Maami a Kan Kwali

Dokar ofishinmu ɗaya ce, kuma Oga Oyewusi ya fi son ta da abincin ranarsa: abin da ya fito a fuskar talabijin shi ne sunan fim. Ba na kan kwali ba, ba wanda mutane ke kira ba. Abin da talabijin bai nuna ba ba ma rubutawa, ko sunan fim ne ko na ɗan wasa. Aikinmu kenan a ɗakin adana tsofaffin finafinai a nan Ibadan, mu sa kaset, mu kalla, mu shigar da shi kwamfuta yadda mai nema zai samu. Ni ma ina son dokar, domin masu buga kaset na kasuwar Idumota sun mai da mu mahaukata. Fim ɗaya sai su yi ta sake masa kwali da suna, su sayar wa mutum abin da ke ajiye a ɗakinsa.

Ina son ta har ranar da aka zube wani buhun kaset a gaban teburina, na zaro ɗaya na ga fuskar uwata. An zana mata haƙora har haɓa, an shafe mata idanu da jan fenti. A sama, da manyan baƙaƙe: Faderera Mai Cin Jarirai.

Faderera sunan da iyayenta suka raɗa mata ne, ba sunan wasa ba. Fim ɗin kuwa na mahaifina ne, Baba Ojelabi, mai ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke yawo gari-gari kafin zuwan bidiyo. Shi ya sa masa suna Rijiyar Gidanmu, Maami, wato uwata, ta fito a mayya. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba wani ɓarawon Idumota ya samu fim ɗin, ya yanke farkonsa, ya liƙa wannan ƙazamin suna, ya watsa shi ko'ina. Ina firamare lokacin. Yara suka daina sa hannu a kwanona. Mata na ganin Maami a kasuwa sai su juyo da goyonsu gaba. Rumfarta ta tuwon amala ta mutu murus, don wa zai ci miyar mai cin jarirai? Allah ya isa tsakanina da mutumin nan, ko yana raye ko ya mutu.

Na ɗauki kaset ɗin na dangwara wa Oga a kan jaridarsa.

"Yallaɓai, wannan ba sunansa ba ne. Sunansa Rijiyar Gidanmu."

Ya sauke tabarau. "Rolake, kin sa shi kin gani?"

"Na sa."

"Me talabijin ya ce?"

"Talabijin ya faɗi abin da ɓarawo ya koya masa!"

"To, ɓarawo ne ya buga wannan kaset, shi kuma muke riƙe da shi. Ba coci muke ba, 'yar nan, ba mu ke raba mai zunubi da mai lada ba."

"Da uwarku ce a kan kwalin fa?"

A gidanmu ba a koya mini yi wa babba irin wannan magana ba, amma ban janye ba. Oga ya ce, "Kawo mini kaset na asali wanda ke nuna tsohon sunan. In na gani da idona, shi za mu shigar, wannan mu jefa shi kwandon maimai. In babu, ki rubuta abin da ke gabanki."

Na san inda na asalin yake. Ranar Asabar na hau mota zuwa unguwar Oje, inda Maami ke sayar da yadi a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe ta, ko zama ban yi ba na zazzage mata labarin, ina yi ina huci. Na ɗauka za ta tashi da rawar jiki ta buɗe akwati. Sai ta ci gaba da ninke yadinta.

"In kin kai musu na babanki, me za su rubuta?"

"Rijiyar Gidanmu mana. Wancan ƙazamin sunan ya shiga shara, inda ya dace da shi."

"Ni kuma a ina za su sa ni?"

"A cikin 'yan wasa."

"Ba ke kika ce sai abin da talabijin ya nuna ba?" Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da kaset ɗin a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta jefo mini a cinya. "Ungo. Je ki nemo ni a ciki. Wanda ya rubuta, Ojelabi. Wanda ya tsara, Ojelabi. Waƙa, Ojelabi. Sunan direban motarmu na nan. Mutumin da ya ba mu aron akuya an yi masa godiya. Ni da na ɗauki fim ɗin a kaina, kin san me aka rubuta? Da iyalin gidan Ojelabi. Iyali! Kamar kaji."

"Maami, ai haka ake yi a lokacin..."

"Rufe mini baki! Haka ake yi, shi ya sa ya aure ni, don matar gida ba a tambayarta, ba a kiran sunanta. Da cikinki na hau dandamali a Oyo. Ina jegonki na kwana a bayan mota a hanyar Ilesha. Duk kaset ɗin da ya yi ina ciki, ki ɗauko ɗaya mai sunana in gani."

"To sai ku zaɓi na ɓarawo? Kun manta abin da aka yi mana? Ni ban manta ba! Ni aka tofa wa yawu a makaranta!"

"Ni aka jefa da dutse, kada ki koya mini." Muryarta ta sauka, amma ba ta yi laushi ba. "Kin san me ya sa suka ji tsorona? Don na iya. Na yi wasan da ya sa uwa ta ɓoye ɗanta. Ɗan banzan nan na Idumota ya cuce ni, amma ya kalli fim ɗin ya gane wa mutane suka zo gani. Ubanki bai taɓa ganewa ba. Gobe in na mutu, jikata ta buga sunana a na'urarku, me za ta samu?"

Na tashi da kaset ɗin a jaka, ko amalar da ta zuba mini ban taɓa ba. A mota ina ta zagi a zuci, sai dai yanzu ban san wa nake zagi ba. Ɗan Idumota na saba da shi. Wanda ban saba ba shi ne Baba, mutumin da hotonsa ke rataye a falona, wanda na zo in wanke wa sunan fim, ashe shi bai taɓa ganin uwata ta kai mai akuya ba.

Ranar Litinin Oga ya tsaya a kaina. "Ina shaidar taki?"

Jakar na ƙarƙashin ƙafata, ina jin kusurwar kaset ɗin a idon sawuna.

"Babu, yallaɓai."

"Kin gani? Doka ba ta gaba da kowa."

Na jawo kwamfuta na rubuta sunan harafi bayan harafi, yadda yara suka riƙa rera mini shi a filin makaranta. Da na gama na koma wurin nema na buga Faderera.

Ta fito, ita kaɗai, da haƙoranta har haɓa.