Zuciya Uku

Tun kafin a raba karta Lien Su-ching ta sake nuna wa mijin yayarta layin da ta ja wa jan biro a takardar yarjejeniyarsu.

"Yaya Kung, karanta mini nan."

"Na karanta jiya."

"Jiya ma ai cewa ka yi ka karanta shekaranjiya. In na buɗe da zuciya ɗaya, ka amsa, sai na tsallake biyu na ce uku, me nake nufi?"

"Dole ce," in ji shi, yana ɓare gyaɗa. "Kada in wuce."

"To, ka riƙe."

Shekara ashirin Su-ching tana hawa benen nan da ke saman shagon taliya a Tainan don buga birij, wasan karta na mutum huɗu da ake yi biyu-biyu, ba ta taɓa samun gurbin zuwa gasar Taichung ba. Yau Asabar saura taki ɗaya: in ita da abokin wasanta suka zo na ɗaya ko na biyu, sun tafi. Abin haushin shi ne abokin wasan. Kung Te-an gwani ne, ba mai musu. Shekara arba'in ya yi yana zama gaba da gaba da matarsa Su-yue, sun kwashe kofuna har sun rasa wurin ajiya. Da Su-yue ta rasu bara, Su-ching ta ɗauke shi abokin wasa don kada zaman gida ya cinye shi. Ta ɗauka ta tsinci sa'a, ashe ciwon kai ta ɗauko.

A birij ba a magana lokacin tayi, wato lokacin da kowane ɓangare ke alkawarin yawan zagayen da zai ci. Kati kake zarowa daga akwati ka ajiye, abokinka ya gane abin da ke hannunka daga abin da kuka shirya tun a gida. Su kuwa sun shirya har ta gaji da shiri. Ta rubuta, ta liƙa masa a ƙofar firij, ta aika masa ta waya da manyan baƙaƙe.

A hannu na bakwai, wato rabo na bakwai, karta shida masu alamar zuciya suka zo mata, da ƙarfi kamar ta yi rawa. Ta buɗe, ya amsa, ta tsallake zuwa uku. Kung ya dubi kartarsa, ya sosa kunne, ya ajiye koren katin da ke nufin ya wuce, ba zai ƙara tayi ba. Ta ci zagaye goma sha ɗaya a wasan da tayin uku ya yi alkawarin tara kawai, alhali kowane teburi ya kai tayinsa huɗu ya kwashe babban maki.

Da aka tashi shan shayi ta tare shi a bakin taga.

"Yaya, tsakani da Allah, firij ɗin naka ba ka buɗe shi ne?"

"Hannuna ba komai, A-ching. Maki shida ne da ƙyar."

"Ko maki sifiri ne. Dole na ce. Dole tana da wata ma'ana a gidanku?"

"Sha shayinki zai huce."

Ta sha, don in ba ta sa wani abu a bakinta ba, abin da zai fito ba zai yi kyau ba. A ranta ta riga ta yanke: in ya ƙara, Litinin za ta nemi wani.

Duk da haka suka farfaɗo, don in wasa ya zo hannunsa mutumin nan ba ya kuskure. Kafin hannu na ƙarshe maki kaɗan ne tsakaninsu da na biyu. Sai ga zuciyoyin nan sun dawo mata, shida reras. Ta buɗe, ya amsa, ta ajiye katin uku a hankali, tana kallon teburi don doka ta hana ko harara.

Matar da ke hagunta, wata baƙuwa daga Chiayi, ta yi abin da doka ta ba abokin hamayya: ta tambayi Kung ma'anar tayin.

"Gayyata ce," ya ce, ko tunani bai tsaya yi ba. "In ina da ƙarfi in zo, in babu in zauna. Su-yue ba ta taɓa yi mini dole ba."

Bai ma san ya faɗi sunan ba. Ya ɗago ido ya dubi kujerar da ke gabansa da murmushi, sai murmushin ya tsaya, don ba wadda ya zata ya gani ba. Amma hannunsa ya riga ya ajiye koren katin.

Suka zo na uku. Taichung ta wuce.

Su-ching ta ji haushi, haushi na gaske, shekara ashirin ba wasa ba. Amma ƙarƙashin haushin akwai kewar yayarta. Mutane na tattara kujeru, Kung na tsaye riƙe da hularsa kamar mai jiran hukunci.

"A-ching, ki nemi wani. Ba zan ji komai ba."

"Ba ni biro."

Ta jawo takardar yarjejeniyar, ta soke "dole" da ƙarfi har takardar ta huje, ta rubuta "gayyata" a samanta.

"Tsari ne marar kan gado," ta ce. "Tun yayata tana da rai na gaya mata. Asabar ƙarfe ɗaya, kuma kada ka zo mini da gyaɗar nan."