Genzo Ya Ce Na Shida

Genzo yana shanya wanki a bayan gida Fumie ta shigo. 'Yar abokinsa Tokuji ce, ita ke riƙe da shagon taliyar ubanta tun da ƙafafunsa suka daina jure tsayuwar murhu. Ba ta cire rigar aiki ba, garin fulawa ma bai fita daga hannunta ba. Ta gaishe shi, ta tsaya tana kallon igiyar shanya kamar wurinta aka aiko ta.

"Kawu, jibi ne zaman hasashe."

"Na sani. Uban naki ne ya turo ki roƙon in yi masa sauƙi?"

"Bai san na zo ba."

Sai ta gaya masa. Ciwon da ke cikin Tokuji ya bazu, likita ya ce da wuya ya ga ƙarshen wasannin bana. Tokuji ya ji da kunnensa, ya kuma hana ta gaya wa kowa. Ita kuwa ta kasa riƙewa, ta riga ta gaya wa Heihachi mai kifi da Noboru direban tasi.

"Abu ɗaya na zo roƙo," in ji ta. "Bana ka ce na ɗaya. Sau ɗaya tak ya ji daga bakinka."

Genzo ya daɗe riƙe da jiƙaƙƙiyar riga, ruwa na ɗiga a kan takalminsa. Can ya ce to.

Tun Genzo da Tokuji suna samari suna walda a tashar gyaran jiragen ruwa suke wannan zaman. Duk shekara, in itatuwan sakura suka fara fure, ana gobe za a buɗe gasar besbol ta Japan, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, sai a rufe shagon bayan cin rana, a ajiye sabon daruma a kan kanta. Jan ɗan tsanan nan na takarda ne mai zagayayyen kai, wanda ake saye ba idanu. Kowa ya faɗi matsayin da Ƙaguwa, ƙungiyar garinsu, za ta ƙare a cikin ƙungiyoyi shida, ƙarami ya fara, babba ya rufe. Daga nan Tokuji ya ɗiga wa daruma ido ɗaya da baƙar tawada. Ɗaya idon sai ranar da aka ɗauki kofi. In ba a ɗauka ba, bayan sabuwar shekara a kai shi haikalin kan tudu a ƙona. Wanda hasashensa ya fi nisa da gaskiya shi ke rungumarsa ya hau matakala, wanda ya fi kusa ya bi shi a baya yana yi masa tsiya har sama.

Tokuji bai taɓa cewa komai ba sai na ɗaya. Genzo bai taɓa cewa komai ba sai na shida. Ƙaguwa kuwa sun fi son ƙasa da sama, don haka mutanen unguwa sun saba ganin Tokuji a gaba da jan abu a ƙirji, Genzo a baya yana kiransa sarkin mafarki. Sau ɗaya aka taɓa cika idon, gashin su biyun na baƙi a lokacin, kuma har yau Tokuji bai bar Genzo ya manta ba.

Ranar zaman Genzo ya tarar an riga an shigar da labulen ƙofa, alamar an rufe shago. Tokuji na zaune a kujerarsa ta kusa da tukunya, da koɗaɗɗiyar hular ƙungiya a kansa. Rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Da Genzo bai sani ba, da ya ce sanyin bana ne ya ramar da shi.

"Ga mai baƙin baki nan," in ji Tokuji. "Fumie, zuba masa tasa ba albasa, bakinsa ya isa wari haka."

"Zuba da yawa, 'yata. Taliyar ubanki ba ta ciwuwa sai an ɓoye ta."

Aka yi dariya, amma dariyar Heihachi ta wuce tsawonta. Fumie ta ajiye kwanuka tana kauce wa idon kowa. Aka sha romo, aka taɓa zancen sabon mai jifa da aka ɗauko daga makarantar sakandare, da babban mai bugun da ya koma wata ƙungiya a lokacin sanyi. Tokuji ya tsoma tsinkayensa na cin taliya a kwano, ya ɗaga taliya, ya mayar. Ya jawo daruma gabansa, ya jera tawada da buroshi.

"Noboru, kai ne auta. Faɗi."

Noboru mutum ne mai lissafi, kullum na huɗu yake cewa, ya kawo dalilai har a gaji. Ya gyara murya. "Na ɗaya."

"Kai?" Tokuji ya yi dariya. "Wa ya ba ka barasa da rana?"

"Haka kawai na gani, Yaya. Bana tamu ce."

"Haka kawai. To, Heihachi."

Heihachi ya dubi cikin kwanonsa. "Ni ma na ɗaya."

"Kai da ka ce mini a kasuwa ko kifin jiya ya fi 'yan wasan nan motsi?"

"Na sake tunani."

Genzo yana kallon fuskar abokinsa. Ya ga dariyar ta tsaya a wurin, sannan ta sauka a hankali. Tokuji ya dubi Noboru, ya dubi Heihachi, ya juya ya dubi 'yarsa, wadda ta ba su baya tana goge tukunyar da ta riga ta goge. Ya ajiye buroshin da ya ɗauka.

Layi ya zo kansa. A da, nan ne yake miƙewa tsaye, ya dafa kanta, ya lissafo 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ke benci, ya nuna yadda za a yi jifa da yadda za a buga, wani lokaci har ya ture kofin shayi. Yau yana zaune ya ce, "Na ɗaya," da muryar da ake amsa wa likita. Ya tura daruman gefe kaɗan.

"Saura kai, Genzo. Faɗi mu tashi."

Bai kira shi mai baƙin baki ba. Genzo ya ji wannan fiye da komai. Kalmar da ya yi alkawari tana bakinsa, ya kwana biyu yana gwada ta a gaban madubi. Fumie ta juyo tana dubansa. Ya san in ya faɗa, za ta ji daɗi, su Heihachi za su tafa, a ɗiga ido a watse lafiya. Ya kuma san Tokuji zai tashi daga kujerar nan a matsayin mutumin da aka gama yi wa ban kwana, ba wanda ya rage da zai yi musu da shi.

Ya kurɓi romo, ya goge baki.

"Na shida. Da akwai na bakwai, can zan kai su."

Cokalin da ke hannun Fumie ya bugi bakin tukunya.

Tokuji ya ɗago kai. "Me ka ce?"

"Kunnen ma ya tafi? Na shida. Mai bugunku ɗaya ne, ya tattara ya gudu. Mai cafe ƙwallon naku in ya tsuguna sai an kira mutum biyu su ɗaga shi. Sai wannan yaron da kuke ta yayatawa, hannu kamar tsinken cin taliya."

"Ka ga jifarsa? Ka taɓa ganin jifarsa, tsohon banza?"

"Na gani a talabijin. Kakata ta fi shi."

"Kakarka!" Tokuji ya dafa kanta ya miƙe. Noboru ya kai hannu zai tallafe shi, ya ture hannun. "Yaron nan ƙwallonsa tana zuwa kamar za ta wuce ta sama, sai ta faɗo a gaban mutum. Haka. Duba nan, haka." Ya karkata kafaɗa ya nuna, hular ta zame, kofin shayi ya kife a kan kanta. Bai ko duba ba. Ya bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa ya ja numfashi, Genzo na sare kowane da magana ɗaya. Jini ya dawo fuskarsa. Da ya gama ya fizgi buroshi ya ɗiga wa daruma ido. Buroshin ya zame, idon ya fito a karkace.

"Ka gani," in ji Genzo. "Shi ma ya kau da kai, ya san abin da zai kalla."

"Bana kai za ka ɗauke shi. Ina bayanka har sama, ko da rarrafe ne."

A bakin ƙofa Fumie ta tare Genzo yana sa takalmi. Ta yi ƙasa da murya. "Ka yi mini alkawari, Kawu."

Ya sunkuyar da kai ya fita.

Ƙaguwa suka buɗe gasa da rashin nasara, suka ci gaba a haka. Yaron mai jifa ya yi wata guda yana burge mutane, sai kafaɗarsa ta samu matsala. Da damina ta shigo aka kwantar da Tokuji a asibiti. Genzo kan je da rana, ya zauna gefen gado, su kunna ƙaramar rediyo. In aka ci su, Tokuji ya ce, "Bakinka ne." Genzo ya ce, "Hannunsu ne." Fumie in ta shigo ta gan shi, sai ta gaishe shi gaisuwar baƙo, ta ajiye kaya ta fita.

Abin da ba wanda ya sani, Genzo ya sayi hular ƙungiyar. Tsawon rayuwarsa bai taɓa sa irinta ba sai bana. A gida yake sawa shi kaɗai a gaban talabijin, yana roƙon 'yan wasan da ya zaga su ƙaryata shi. Ba su ƙaryata shi ba.

Tokuji ya rasu cikin zafin watan Agusta, ƙungiyar tana ta biyar. Da ganye ya fara ja aka rufe gasa, suka ƙare na shida. Heihachi ya haɗu da Genzo a kasuwa washegari, suka yi zancen tsadar kifi, suka rabu. Genzo ya daina bi ta layin shagon. In ya kwanta sai ya riƙa juya abin: kalma ɗaya aka roƙe shi, mutumin ya tafi bai ji ta ba, shi kuma ga shi nan da gaskiyarsa a hannu, ba wanda zai nuna wa.

Bayan sabuwar shekara, ranar ƙona daruma, aka ƙwanƙwasa masa ƙofa da hantsi. Fumie ce cikin babbar rigar sanyi, da jan ɗan tsanan a ƙirji, karkataccen idon na kallon gefe.

Genzo ya miƙa hannu. "Kawo, ni zan kai."

"A'a. Baba ne ya sha kaye, ɗaukar tamu ce. Kai naka bin baya."

Suka kama hanya. Sanyi na cizon kunne, mutane na wucewa da nasu daruman, waɗansu da ido biyu. Sai da suka kusa gindin tudu ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Ranar zaman nan bayan kun watse ya ce in sake zuba masa. Ya cinye kwano yana zaginka. Daga shi bai ƙara gama kwano ba." Ta gyara riƙon daruma. "Ya ce da Heihachi ya ce na ɗaya, ji ya yi kamar an kunna masa turaren mamaci yana zaune."

Genzo ya ci gaba da binta a baya.

"Na daina fushi, Kawu. Amma har yanzu da na so ya ji daga bakinka."

"Ni ma, 'yata."

Suka fara hawa. Matakalar dutse ce, doguwa, ana jin ƙamshin hayaƙi daga sama. Tana gaba, yana baya yana dafa ƙarfen gefe. Wata tsohuwa mai sayar da gasasshen dankali a gefen hanya, wadda ta saba ganin Genzo da Tokuji duk shekara, ta dubi Fumie da daruma, ta mayar da ido kan dankalinta.

A tsakiyar hawan Fumie ta tsaya.

"Na ji ka yi shiru, Kawu. Ba haka ake hawa ba."

Genzo ya dubi bayanta. Kafaɗunta irin na ubanta ne, ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka.

"Sarkin mafarki," ya ce. Muryar ta fito siririya, ya sake gwadawa. "Sarkin mafarki, ina kofin? Ina yaron naka mai ƙwallo tana faɗowa?"

Ta ci gaba da hawa. Ya ga ta sunkuyar da fuska a kan jan kan daruma.

"Na gaya maka," in ji Genzo, yana bin ta. "Na gaya maka, ba ka ji."

Suka ƙarasa saman, inda aka tara darumomi tuli guda ana jiran wuta, ta ajiye nasu a gefe, ta juya karkataccen idon ya fuskanci gari.