Kofi Mai Jan Salatif

Sau biyu Malam Mijinyawa yana faɗuwa takarda ɗaya: Dimokuraɗiyya da Ci Gaban Indiya. Jami'ar da yake karatu da ita ta wasiƙa ta rubuto cewa zama na uku shi ne na ƙarshe. Matarsa Hansai kuwa tuni ta gama sanar da dangi a Gusau cewa maigida ya yi digiri a Riyad. Saura kwana tara jarrabawa, a shekarar 1986, shi kuma babin rabe-raben asali ya ƙi shiga kansa.

Shi ne mai kula da sito a wani kamfanin gine-gine da ke unguwar Dira a Riyad. Jibrin direba ya same shi yana ta harara littafi.

"Malam, kana zaune bakin rijiya kana taimama. Ga Sadik can."

Sadik shi ne dattijon Ba'indiyen da ke share ofis. Shekara huɗu kowa na kiransa haka, wato aboki da Larabci, don babu wanda ya ga dalilin wahalar da kansa da sunansa. Mijinyawa ya yi dariya, ya kwana biyu yana dariyar, rana ta uku ya kira shi.

Ashe sunansa Kumaran, kuma ya yi shekaru a majalisar ƙauyensu kafin ya zo Saudiyya. Ya jingine tsintsiya, ya ja kujera, ya haɗa Turanci da Larabcin kasuwa ya warware abin da littafi ya ƙulle: yadda ake zaɓe, yadda aka raba gonaki, wa ke da bakin magana a taro.

"A zamanin babana," in ji shi, "in irinmu da ake wa kallon ƙasƙantattun asali suka je wurin mai shayi, a ɓawon kwakwa ake zuba musu. A waje ake rataye shi. Ka sha, ka wanke da kanka, ka mayar."

"Subhanallahi," in ji Mijinyawa, biro na gudu. "Wannan ai zalunci ne." A ransa kuwa cewa yake, wannan misali kaɗai ya isa ya tsallakar da mutum.

Jibrin ya shigo da tire, buta da kofuna uku. Kumaran ya tsallake biyun da ke gabansa, ya miƙa hannu can ƙarshe ya ɗauki wanda aka naɗe wa jan salatif a hannu. Bai ko duba ba. Hannunsa ya san hanya.

Mijinyawa ne ya naɗa salatif ɗin, makon da aka kawo mutumin aiki. A lokacin ya ce don tsabta ne, kuma Jibrin ya yaba masa da hikima.

"Rubuta mana, Malam," in ji Jibrin. "Ka tsaya a ɓawon kwakwa."

"Kai direba ne ko malamin jami'a?"

"Ni dai mai kawo shayi ne."

Kumaran ya shanye, ya je famfo ya wanke kofin, ya kife shi gefe guda a kan taga, ya ɗauki tsintsiyarsa. Bai ce zai dawo ba, ga kuma babi uku a gaba.

Da ofis ya watse sai Mijinyawa ya zauna ya ɓare salatif ɗin da farce. Danƙon ya ƙi fita. Ya goga da sabulu, ya goga da kananzir, har kofin ya fi kowane kofi a ofis ɗin alama.

Washegari bayan azahar Kumaran ya shigo, ya ja kujera. Mijinyawa ya yi sauri ya tura masa nasa kofin, mai zanen fure, wanda Hansai ta saya masa.

"Bismillah, Malam Kumaran."

Dattijon ya yi godiya. Ya zaro ƙaramin kofin silba daga aljihun rigar aiki, ya goge shi da hankici, ya ajiye kusa da buta.

"Buɗe babin gonaki," in ji shi. "Jiya ka rubuta shekarar ba daidai ba."