Ƙ Mai Lanƙwasa

A gidan, Injiniya suke ce masa, ko da yake aikinsa a kantin magani yake, yana jera kwalabe. Surukarsa ce ta laƙaba masa sunan, Allah ya jiƙanta, ranar da ya kwance fankarta ya mayar, kusoshi suka ragu a hannunsa. Da zolaya ta faɗa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Ran Asabar da hantsi matarsa Malama ta yi kuskuren cewa kwamfutarta ta yi nauyi. Ai kuwa kamar jira yake.

"Tarkace ne suka cika ta," ya ce. "Akwai wani tsari na kyauta, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Ba hoto, ba ado. Baƙin allo ne kawai, kina rubuta umarni tana bi."

"Baban yara, muryoyin Inna suna ciki fa."

Saƙonnin murya ne da mahaifiyarta ta riƙa turo mata kafin rasuwa. Wayar da suka shigo ta ciki ta faɗa ruwa tuntuni, babu su a ko'ina sai cikin wannan kwamfuta. Ya dafa ƙirji ya ce ta bar komai a hannunsa. Ta dube shi, ta ɗauki jaka ta tafi kasuwa.

Gaskiya dai aikin ya fara da kyau. Ya kwashe fayilolinta zuwa wani filashi, ɗan abin ajiyar fayil, da ya aro a wurin aiki, ya share kwamfutar tas, ya raba ma'ajiyarta da hannu, ya ɗora sabon tsarin daga wani filashin nasa, layi bayan layi. Duk abin da aka tambaye shi ko yana so, sai ya ce a'a, yana jin kansa kamar mai yi wa gida shara. Ya saita madannai su riƙa fitar da harufa masu lanƙwasa, don matarsa da Hausa take rubutu. Ya mayar da fayilolin. Daga nan rawar kai ta motsa: ya kulle ma'ajiyar gaba ɗaya da kalmar sirri, ya zaɓi wadda ta fara da ƙ, wai ko ɓarawon duniya ya zo ba zai canka ba. Ya goge filashin aro, tunda mayarwa zai yi. Ya kashe ya kunna, yana fito.

Allon ya nemi kalmar sirri. Ya rubuta, aka ce ba ita ba ce. Ya sake a hankali da yatsa ɗaya, aka sake korar sa. Sai a lokacin abin ya faɗo masa: saitin da ke fitar da ƙ yana can cikin ɗakin da ya kulle. A bakin ƙofa kwamfutar k kawai ta sani. Ya kulle ɗaki ya bar makullin a ciki, kuma ɓarawon da bai canka ba shi ne.

Zufa ta keto masa. Tsoro ya ji na gaske. Ya gwada k, ya gwada babban baƙi, har q ya gwada don rashin kunya. Ya ce wa kansa, kai dai mai jera kwalabe, wa ya aike ka?

Yana cikin haka ya ji ƙarar ƙofa. Malama ta ajiye kaya, ta leƙo.

"Ta yi sauri?"

"Sosai. Ba abin da ya kai ta saurin kunnuwa."

"To me ya sa rigarka ta jiƙe?"

Ya so ya yi ƙarya, bakin ya ƙi. Ya gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Zama ta yi a bakin gado, ta ce, "Abin da ya rage min na Inna ke nan."

Ya lalubo filashin nasa da ya ɗora tsarin da shi, ya tayar da kwamfutar ta nan. A can ma babu ƙ. Ya duba a wayarsa, ya gano kowane harafi yana da lambar da kwamfuta ta san shi da ita, ya harhaɗa kalmar da lambobi. Karo na farko ya ɓata. Karo na biyu allon ya yi shiru, bai ce komai ba, wanda a wannan tsarin shi ne amincewa. Ya nemi jerin fayiloli, sunayen suka zubo.

"Kunna min ɗaya," ta ce.

Ya canza kalmar sirri tukuna zuwa wadda ba lanƙwasa, ya sake kunna kwamfutar, ya buɗe saƙo. Lambobi suna tafiya a allo, sauti babu. Manhajar sauti tana cikin abubuwan da ya ce a'a.

Malama ta sauko ƙasa kusa da shi ta jira, shi kuma yana ɗoro abin da ya raina ɗazu. Can muryar ta fashe a ɗakin, a tsakiyar magana, da ɗan tarin nan nata.

"…kuma ki ce wa mijin naki rediyona lafiyarta ƙalau, idan ya zo ya zauna mu gaisa kawai. Yaron kirki ne, hannun ne ba ya jin magana."

Malama ta tuntsire da dariya, dariyar ta juye kuka, ta kifa goshi a kafaɗarsa. Shi ma idonsa ya cika. Ya ɗauke hannayensa daga madannai, ya tura su ƙarƙashin cinyoyinsa, har saƙon ya ƙare.