Ƙofar da Inna Ta Lotsa

Sunan Injiniya dai abokai ne suka laƙa masa, kuma ba don yabo ba. Malamin tarihi ne mai ritaya, wanda a da ko ƙwan fitila ne ya mutu a gida sai an kira mai gyara. Amma tun ranar da ya jawo tsohuwar motar marigayi mahaifinsa daga bayan gida ya cusa ta a gareji, shi ke nan, mutum ya zama sai a hankali. Ya sayi sifanoni ya jera a bango, ya ɗinka rigar aiki mai aljihu ta ko'ina, ya koyi faɗin "kafireta" da wani lanƙwasa baki kamar a cikin injin aka haife shi.

Matarsa ta ce, "Baban yara, motar nan fa ta girme ni."

Ya ce, "To ki riƙa gaishe ta."

Shekaru ya kwashe a kanta. Ya fasa ɗan yatsa da guduma, ya kurɓi fetur garin zuƙo shi da tiyo. Akwai ranar da ya kwance injin ya mayar, notuna suka yi saura a tafin hannunsa, yana kallonsu suna kallonsa. Ga shi ba ya yar da komai. Duk abin da ya cire, ko tsatsa ta cinye shi, sai ya jingine a lungu wai ko za a nema. Matarsa ta sa wa lungun suna maƙabarta.

Abin da ya fi ba shi haushi a motar shi ne ƙofar gefen mai zaman banza. Ta lotsa a tsakiya, kuma ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa an buga. Tun yana yaro haka ya san ta. Ya sha gaya wa abokansa masu irin wannan larura ta tsofaffin motoci cewa Baba, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne amma bai san darajar mota ba. Ya yi ta cigiya har ya samo wata ƙofar lafiyayya, ya fesa mata fenti, ya ɗaura. Da ɗan yatsa ɗaya ake tura ta, ta ce ƙit. Wuni guda ya yi yana buɗewa yana rufewa, yana murmushi shi kaɗai.

Sai dai ba don abokai yake wannan wahalar ba. Don Inna ne, mahaifiyarsa, da ke ɗakin kusa da falo. Tsufa ya fara kwashe mata tunani. Idan ya shiga gaishe ta, sai ta gyara mayafi ta ce, "Sannu, bawan Allah. Ɗana bai dawo ba?" Wallahi wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Likita ya ce wani lokaci tsofaffin abubuwa kan taɓo abin da ya ɓace. Injiniya ya riƙe maganar nan gam: in Inna ta ga motar Baba ta dawo sabuwa fil, za ta gane ta, in ta gane ta kuwa za ta gane shi.

Ran da ya gama, ya yi wanka ya sa farar riga, matarsa ta riƙo hannun Inna zuwa gareji. Ya yaye ƙyallen da ya rufe motar da wani salo da ya daɗe yana gwadawa. Mota tana ta sheƙi.

Inna ta ce, "Kai, masha Allah. Motar wa ce?"

"Ta Baba ce, Inna. Tamu."

"A'a. Wannan ta manya ce." Ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi don kada ta ɓata wa mutane fenti.

Ya yi wuf ya tayar da injin, ya kama ɗiri lafiya lau, ba gargada. Inna ta saurara ta girgiza kai. "Tamu tari take yi."

Tarin da ya ɓata damina guda yana yi wa magani! Ya kashe motar ya fito ya tsaya sororo, malamin tarihi guda, wanda ya sa hannunsa ya goge tarihin gidansu tas da sanfefa. Ya ji kunya, ya kuma ji tsoro, don ba shi da wata dabarar bayan wannan.

Matarsa ta juya da Inna za su fita, sai tsohuwa ta ja ta tsaya a bakin maƙabarta. Ta saki hannun surukarta, ta taka har gaban tsohuwar ƙofar da ke jingine a bango, ta sa tafin hannunta cikin lotsawar. Sai ta fashe da dariya.

"Ni na yi wannan," in ji ta. "Maigidana yana koya min tuƙi, ya ce in taka birki, na taka ɗayan. Muka gogi ginshiƙin gida. Na ce a kai ta gyara, ya ce ko kusa, a bar masa ita haka, aikin hannuna ne."

Matarsa ta dube shi. Shi kuwa ya dubi sifanoninsa.

Aka kawo wa Inna kujera ta zauna. Injiniya, da farar rigarsa, ya durƙusa ya kwance sabuwar ƙofar, matarsa na tallafe da ita tana cewa, "Ashe dai maƙabarta na da rana." Ya ɗaura tsohuwar, koɗaɗɗiya, mai tsatsa, a jikin motar da ke ɗaukar ido. Da abokansa za su gani, da sun yi masa dariyar shekara.

Ba wanda ya ce wa Inna ta shiga. Da kanta ta tashi ta zauna a gaba, ta tattare zaninta. Ya tura ƙofar a hankali, kamar yadda ya saba lallaɓa sabuwar. Ta ƙi rufuwa. Ya sake turawa, ta dawo.

Inna ta leƙo ta taga a fusace. "Ɗaga ta da gwiwa mana, Sarkin Kuka! Sau nawa zan gaya maka?"

Rabon da a kira shi da sunan nan tun yana sa gajeren wando. Ya sa gwiwa ya ɗaga, ya buga garam, ɓawon tsatsa ya zubo masa a takalmi. Ya tsaya riƙe da ƙofar, furfura a kai, hawaye na bin kumatunsa.

Inna ta juya wajen matarsa. "Kin gani ko? Ya fara. Tun yana ƙarami haka yake." Ta buga kujerar direba da tafin hannu. "Share fuskarka ka zo ka ja mu."